RUWAN LEMUN TSAMI DA ZAFIN BAZARA

Jawabin da kwamitin lafiya ya yi wa taron ƙungiya a Yamai. Mun buga shi don a karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba, na nan birni da na gida.



 Mun gode da kunka bar sana'o'inku kunka zo cikin wagga rana mai zafi.

Da munka gaya wa shugaba maganar da za mu yi yau ta ruwan lemun tsami ce, sai da ya yi dariya. Ya ce: "Ga maganar rijiya, ga ta rufin lakwal, ku kuma sai ku kawo mana lemu?" Munka ce masa: "Baba, a yi mana haƙuri a saurara. In an gama ba a ga amfani ba, a ci mu tara." To, ga mu.

1. Abin da ya kawo maganar

Kun san abin da ya samu wani dattijonmu bazarar da ta wuce. Ba mu faɗin sunansa, shi ya ba mu izinin ba da labarin. Ya taso daga gida tun asuba zai zo ganin ɗansa. Cikin mota bai sha ruwa ba ko kurɓi ɗaya, don kar fitsari ya matsa masa ya sa a tsai da mota saboda shi. Da ya sauka tasha, rana tsaka, ya ce ba ya ɓata kuɗin taksi, ya kama hanya da ƙafa, da jakarsa bisa kai. Bai kai gida ba ya faɗi. Wani yaronmu mai ga-ruwa ya gane shi, ya ja shi inuwa, ya jiƙa masa riga, anka kai shi likita. Kwana uku ya yi ana ƙara masa ruwa. Allah ya yi da sauran kwana. Da ya farfaɗo, lokotoro ya tambaye shi don me bai sha ruwa ba. Ya ce: "Ai ban ji ƙishirwa ba."

Wagga amsa ita ta tai da mu. Gaskiya ya faɗa. In mutum ya manyanta, jin ƙishirwa yana raguwa, jiki yana bushewa mai shi bai sani ba. Kuma ruwan da ya kwana cikin bido ya ɗauki ɗumi ba ya shiga rai, tsoho ya kurɓa sau ɗaya ya aje. Amma in an matsa masa lemu, an sa ɗan sukari, ya yi sanyin randa, sai ya shanye kofi ya nemi ƙari. Amfanin lemu na farko ke nan: yana sa a sha ruwa.

Zafin kuwa ba abin wasa ba ne. Nan Yamai, cikin watan 4 na nasara, rana takan wuce digiri 40 kusan kullum, haka Tawa, haka Kwanni. A watan 4 na 2024 an auna digiri 48 da rabi a Kayes, ƙasar Mali, ana cikin azumi. Mai aikin ƙarfi cikin irin wagga rana, magini ko ɗan dako na Katako ko mai tura amalanke, yana iya zubar da gumi litir ɗaya cikin awa ɗaya. Abin da ya fita, in ba a mai da shi ba, jiki zai biya bashin.

Akwai dalili na biyu, na aljihu. Duk suna, duk ɗaurin aure, sai an jibge akwatunan lemun kwalba. Sunansa lemu, amma mafi yawansa ruwa ne da sukari da iska da launi. Kwalba mai santilitir 33 ta irin wanda anka fi sha tana da sukari wajen garam 35, wato ƙwarar sukari 7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babban mutum kar ya wuce wajen garam 50 a yini. Kwalba biyu, an wuce iyaka, ba a ma lissafa shayi ba. Kuɗin da yaranmu ke aikowa daga Abijan da Legas da Arlit, gumin jikinsu ne. Bai kamata ya ƙare cikin kwalba ba.

2. Ruwa tukuna, kafin lemu

Wanga shi ne kan magana, a riƙe shi ko an manta sauran. Ruwan lemu ba ya fin ruwan da anka yi shi da shi.

Mun gani da idonmu wajen wani suna. An haɗa lemu mai daɗi cikin babbar roba, an sayo ƙanƙara, wadda muke ce wa galas, an fasa ta bisa ƙasa da taɓarya an zuba ciki, kowa na tsoma kofin da ya sha da shi. Kashegari yara huɗu suna zawo. Ba lemun ya yi masu haka ba. Ruwan da anka daskarar, da hannuwa, da kofi su ne sunka yi. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi.

Wasu na cewa tsamin lemu yana kashe komi. Akwai ɗan gaskiya ciki. A Gine Bisawu, cikin shekarun 1990, lokacin annobar kwalara, masu bincike sun ga matsa lemun tsami cikin miya yana hana ƙwayar kwalara yaɗuwa cikin abinci. Amma lemu kaɗan cikin ruwa mai yawa ba ya mai da ruwan tabki ruwan sha. Ba mu manta da kwalarar 2018 a ƙasar Madarunfa ba, da ta 2021 wadda ta taɓa Maradi da Damagaram da Tawa. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka:

In ruwan pampo ne ko na rijiyar burtsatse, kuma an ɗebo shi cikin abu mai tsabta da marfi, ya isa.

In na buɗaɗɗiyar rijiya ne, ko ba a san inda mai ga-ruwa ya ɗebo shi ba, a tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur, a rufe, a bar shi ya huce. A yi haka da dare, da safe ya yi sanyi.

In ba itace, akwai ƙwayar tsabtace ruwa, irin su Aquatabs, a farmasi da likita. A bi awon da anka rubuta jikin takardar. Amma a lura da wanga: a jefa ƙwayar, a jira minti 30 cikakku, sannan a matsa lemu. In an haɗa su tare, lemun yana kashe ƙarfin maganin tun bai gama aikinsa ba. Mutane da yawa ba su san haka ba.

Mai haɗawa kuma ta wanke hannu da sabulu, ta wanke wuƙa da rariya da ludayi.

3. Yadda ake haɗawa

Wanga awo na litir 5 ne, wato kofi 20 matsakaita. Ya ishi gida guda yini guda.

Lemun tsami 15 zuwa 20, gwargwadon girmansu da ruwansu.
Sukari ƙaramin kofin shayi 3, irin na gilashi, ko ƙwara 40.
Gishiri rabin cokalin shayi.
Ɗanyar citta kamar tsawon yatsa biyu, ga mai so.
Ganyen na'ana'a kaɗan, ko kanunfari 5.

Wajen saye, kar a bi girma. A ɗauki lemu a auna shi a hannu: mai nauyi, mai santsin baya, mai siririn ɓawo, shi ke da ruwa. Mai kaurin ɓawo da ƙurajen jiki yawanci bushe yake. Wanda ya fara yin ɗorawa-ɗorawa bai lalace ba, ya nuna ne, ruwansa ma ya fi yawa.

A wanke lemun. A mirgina kowane bisa faifai ko bayan turmi, ana danna shi da tafin hannu, har ya yi laushi. Nan ne ruwan ke sakuwa. A yanka biyu, a matse cikin ƙwarya ta bisa rariya, don ƴaƴan su tsaya. Kar a murƙushe ƴaƴan, kar kuma a jefa ɓawon ciki a bar shi: su biyun ke kawo ɗacin da ke ɓata lemu bayan awa ɗaya ko biyu.

A narkar da sukari da gishiri cikin ruwa kaɗan tukuna, sannan a ƙara sauran ruwan. In an zuba sukari cikin ruwan sanyi mai yawa, kwanciya yake yi ƙasa, na farko ya sha tsami, na ƙarshe ya sha zuma.

Cittar, a kankare ta, a daka, a jiƙa cikin kofi biyu na ruwa kamar rabin awa, a tace a zuba. In da kanunfari, a jiƙa su tare. Irin wanga haɗi na lemu da citta shi ne Zabarmawa ke ce wa lemu-hari, wanda kuke gani cikin leda bakin Wadata da tashoshi. Ga yara da tsofaffi a rage cittar.

Ruwan lemu shi ne na ƙarshen zubawa, kuma ba a dafa shi. Abin da ke cikinsa mai amfani, wanda lokotoro ke kira bitamin C, wuta tana lalata shi. Ba ƙaramin abu ba ne. Shi ke hana ciwon nan da dasashi ke kumbura yana zubar da jini, wanda ke kama mutanen da sunka daɗe ba su ci ɗanyen ganye ko ƴaƴan itace ba. A 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya gwada magunguna iri-iri ga matuƙan da ciwon ya kama, waɗanda ya ba lemu su ne sunka warke. Kuma bitamin C yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da hatsi, wanda ke ƙara jini. Shayi kuwa rage ɗaukarsa yake yi. Don haka mai ciki da mai jego, bayan shinkafa da wake, kofin ruwan lemu ya fi masu kofin shayi.

A ɗanɗana. In tsami ya yi yawa, a ƙara ruwa, ba sukari ba. Da wanga awo, sukarin bai kai rabin na lemun kwalba ba, kuma da gangan munka yi haka: abin da ya cika zaƙi ba ya kashe ƙishirwa.

Mun sani lemu yana tsada cikin bazara, lokacin da anka fi bukatarsa. In ya gagara, a raba: rabi lemu, rabi jiƙon tsamiya. Ko a dama garin ƴaƴan kuka, shi ma yana da bitamin C mai yawa, kuma Allah ya hore mana shi a daji.

4. Mazubi da sanyi

Tsami yana cin ƙarfe. Kar a aje ruwan lemu cikin tukunyar alminiyam, ko bokitin kwano, ko wani abu na tagulla. A sa shi cikin ƙwarya, ko kwalba, ko robar abinci mai marfi. Bidon da ya taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwarin gona, ko an wanke shi sau goma, ba na abin sha ba ne har abada.

Sanyi kuwa, kakanninmu ba su jira firigo ba. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, tana tafiya da zafin. Haka salka take yi. A sa ruwan cikin randa tun dare, inda iska ke bi, a haɗa lemu da shi da hantsi. Mai fita aiki ya zuba nasa cikin buteli, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu ko tsohuwar safa, ya rataye a inuwa. In ana son galas kuma ba a san ruwanta ba, kar a fasa ta ciki. A bar ta cikin ledarta, a jingina buteli da ita.

Ajiyar lemun kansa ma akwai dabara. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Wani malamin makaranta na Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa wagga dabara cikin ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Lemu da tumatir suna daɗewa ciki ba su yanƙwane ba.

Abin da anka haɗa da safe a shanye shi ranar. Kar ya kwana. A zuba da ludayi mai dogon hannu, ko daga buta. Kofin da ya taɓa baki ba ya komawa cikin mazubi.

Gargaɗi ga ƴan matan da ke matsawa: ku wanke hannu da sabulu kafin ku fita rana. Ruwan lemu in ya bushe bisa fata rana ta buge shi, yana ƙona wurin ya bar baƙin tabo, wani lokaci har da bororo.

5. Wa zai sha, wa zai yi hattara

Jariri da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai. Ba ruwan lemu, ba ruwan randa, komi zafi. Uwar ita za a ba ta sha, ta ƙara ba shi nono.

In an sa zuma maimakon sukari, kar a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba.

Mai ciwon sukari a ɗebar masa nasa kafin a sa sukari. Mai hawan jini a bar masa gishirin. Wanda lokotoro ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, ya bi maganar lokotoro, ba tamu ba. Mai gyambon ciki ko zafin ƙirji ya sha mai ruwa-ruwa, bayan abinci, in ya dame shi ya bari.

Tsami yana cin haƙori sannu a hankali. Bayan an sha a kurkure baki da ruwa.

Kuma ruwan lemu bai kori ruwa ba. Kofi biyu ko uku a yini, sauran duk ruwan randa. Mai son ya san ko ya sha isasshe, ya dubi fitsarinsa. In fari ne, lafiya. In ya yi ja kamar shayi, kuma kaɗan, jiki na kuka.

Mai azumi kar ya kwankwaɗi litir guda lokacin buɗa-baki ya kasa cin abinci. Ya rarraba shan, kaɗan-kaɗan, daga magariba har sahur.

6. Inda lemu ya tsaya

Kar wani ya fita nan ya ce kwamiti ya ce lemu magani ne. Abu biyu sun fi ƙarfinsa.

Na ɗaya, zawo da amai. Wanga na bukatar ruwan gishiri da sukari, wanda ake ba da garinsa cikin ƴan takardu a likita, ana ce masa SRO, tare da ƙwayar zinc ga yara kwana 10 zuwa 14. In babu shi kusa, kafin a isa likita: ruwa mai tsabta litir 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi a shafe. Ba a ƙara, ba a ragewa. Gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro. Wanda ya yi awa 24 a zubar a sake sabo.

Na biyu, bugun rana, irin na dattijonmu. In mutum ya fara sambatu, ko ya rikice, ko ya faɗi, jikinsa zafi kamar garwashi, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa, a yi ta yi masa fifita, a nemi mota zuwa likita nan take. In ba ya cikin hankalinsa, kar a ɗura masa komi a baki, zai shaƙe. Yaron nan mai ga-ruwa abin da ya yi ke nan, muna gode masa gaban jama'a.

7. Abin da muke roƙon taro

Abu uku muke kawowa gabanku.

Na farko, daga yau ƙungiya ta daina sayen lemun kwalba don taronta. Iyayenmu mata sun yarda su riƙa haɗa ruwan lemu bi da bi, asusu ya biya lemu da sukari. Abin da ya ragu ya shiga kuɗin rijiya. Wanda ke gabanku yau su sunka yi shi, da awon da munka faɗa. Duk mai suna ko aure da ya bi wagga hanya, kar a yi masa gori, kar a ce rowa ce.

Na biyu, kowane gida da ke da tsoho, a ɗora wa yaro guda aikin kai masa abin sha da hantsi, da azahar, da la'asar, ya tsaya har ya ga an sha. Kar a jira Baba ya roƙa, ba zai roƙa ba. Wanda zai sa tsohonsa mota zuwa birni ya ba shi buteli a hannu, ya roƙi direba ya tsaya masa in ya bukata, kuma a aiko da labari a tarye shi a tasha.

Na uku, mu dasa namu. Lemun da muke saye da tsada, daga lambunan wasu yake zuwa. Mutanen Gaya suna da shi, mutanen Timiya cikin duwatsun Abzin suna fitar da lemu daga kwazazzabai. Mu kuwa ruwan da ke malala bakin rijiyarmu, laka kawai yake yi wa jakuna. Muna roƙon a ba mu fili gefen rijiya, a yi masa shinge saboda awaki, mu dasa lemun tsami 20 ranar 3 ga watan 8, ranar dashen itace, lokacin damina ta kankama. Iccen da ya fito daga ƙwaya yana ɗaukar shekara 4 ko fiye kafin ya haihu. Wanda anka yi wa aure ya fi sauri, za mu nemi irinsa wajen ma'aikatan gona. Abin da ke kashe dashe shi ne ranin farko da na biyu, don haka kowane icce a ba shi gida guda da zai riƙa ba shi ruwa, a rubuta sunan gidan cikin littafin ƙungiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani dattijo ya ce mana shi ba zai ga ƴaƴan ba. Munka ce masa: "Baba, tsamiyar da ke ƙofar masallaci, wa ya ga wanda ya dasa ta? Ga shi kullum ƙarƙashinta kuke zama."

Iyakar maganarmu ke nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma a kai takarda guda gida a ba mai gari. In mun yi kuskure a gyara mana. Shugaba kuma, ga kofinka, ka sha ka gaya wa taro ko za a ci mu tara.

Allah ya raba mu da sharrin zafi, ya kawo damina mai albarka, ya mai da matafiya gida lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin lafiya